Kabarin Baba a bayan ƙarfe

Zuwa ga ƙanwata Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kewa mai yawa. Ya jikinki, ya maigidan da yara, ya zaman Kano? Mu nan Zongon Lome lafiya, sai gwiwata da ta ƙi ni.

Bana ban share kabarin Baba ba. Na je har gindin dutsen da ake bi zuwa kabarin, na tarar an gitta ƙarfe a tsohuwar hanyar fataken. Wai dajin ya zama gandun gwamnati, ba mai mota, ba mai ƙafa. Ina tsaye motocin jif biyu na manya suka iso da bindigogin farauta, aka ɗaga musu ƙarfen har da sarawa. Na yi wa mai gadin wurin bayanin kabarin da Faransancin nan da Baba ya sha gori don in koya. Yadda bai amfane ni a ofis ba, nan ma haka.

Da ya ga na zauna a ƙasa, sai ya sassauta murya ya ce, "Tsoho, in na bar ka korata za a yi. Amma ina zagayawa ta can. Kwatanta mini."

Ba Musulmi ba ne, har yana tambaya ko ya zuba abin sha a kan kabarin irin na al'adarsu. Na ce ya cire ciyawa kawai, ya gyara duwatsun. A bakin ƙarfen na yi wa Baba addu'a.

Hajara, na tsufa, kada wurin ya ɓace tare da ni. Bayan rafi na biyu ne, hannun dama, gindin rimi, duwatsu bakwai. Ki karanta wa yaranki har su haddace.

Ki sa ni a addu'a, har da mai gadin nan. Ki gaida kowa.

Yayanki,
Idi