Jirgi Ya Dawo da Takalmi

Litinin, 6 ga Janairu 2025
Kai littafi, ga kacici-kacici: wa ya tura mutum yaƙi da tafi, ya dawo ya fi kowa kukansa, har yau ba a kama shi ba? Ba ka sani ba? Ba ni gari.

Laraba, 8 ga Janairu
Ina tsince shinkafa ina 'yar waƙa, ashe jikata Sundus ta kafa mini jawwal, wayarta ta hannu, tana ɗauka. Wai, "Ya jadda, esh hada?", wato Kaka, mene ne wannan? Na ce, ke da Hausa ke shiga kunnenki ta fito da Larabci, ina ruwanki? Waƙar matan garinmu ce, can wajen Gusau, lokacin yaƙin basasa: "Jirgi ya tafi da ƙafa, ya dawo da takalmi." A bakin dutsen niƙa ake yin ta. Hakimi ya hana, wai tana sa samari gudun soja. Mata suka koma yi da hanci, babu kalma. Hana hanci mu gani.

Juma'a, 10 ga Janairu
Masallacin Ƙuba. Gwiwa ta dame ni.

Asabar, 11 ga Janairu
'Yar nema ta kai waƙar wurin Malam Jumare, maƙwabcinmu mai koyarwa a jami'a. Ya zo har da dabino. Wai muryar waƙar ta gaɗa ce, ta 'yan mata a dandali. Yaya aka yi ta koma ta makoki, wa ya fara ta? Na ce aljana ce a gindin tsamiya. Ya rubuta "aljana". Boko ke nan.

Talata, 14 ga Janairu
Ba aljana. Farkonta zambo ne: "Jirgi ya tafi da maza, ya bar mana Ɗan'inna." Yayana ne, shekara sha takwas, ko yankan kaza ba ya iya kallo. 'Yan mata suka yi mako suna tafa masa. Ran kasuwa ya je ya ba da sunansa a shiga soja. Bayan wata bakwai aka aiko da kayansa a buhu. Inna ba ta taɓa tambayar wa ya ƙaga ba, kalmomin kawai ta canza. Ni kuwa na riƙa amsa mata amshi.

Alhamis, 16 ga Janairu
Sundus na wanke kofunan shayi tana rera takalmin, da wannan karyayyar Hausar tata. Na ce ajiye, ɗauko jawwal ɗinki, akwai baiti na farko. Na yi mata, har da tafin. Ta yi dariya, ta ce wane mugu ne ya yi wannan? Na ce zauna, ƙawata, kada ki kashe abin. Shinkafar ta kama, ba wanda ya tashi.

Bakina ne. Shekarata goma sha uku a lokacin.