Rimot a gwiwar Kaka

Yaya, na wuce aiki, ban tashe ka ba.

Ka tuna fitilar nan ta lesa da likita ya ba Kaka ta riƙa haska gwiwarta saboda ciwo? Yau na tsince ta a ƙarƙashin kujera, ko ledarta ba a ɓare ba. Ashe duk kwanakin nan rimot ɗin talabijin take dannawa a gwiwar, don shi ma yana kawo jar wuta. Shi ya sa tasha ke canza kanta, ba aljanu ba ne kamar yadda Baba ya rantse.

Ɗazu ta taka har bakin ƙofa ba sanda, tana ta sa wa likita albarka.

Don Allah kada ka gaya mata. Ƙwallon yamma kuma ka haƙura, lokacin maganinta ne.