Bututun da Ya Yi Ciki

Tiga,
9 ga Nuwamba, 1974

Zuwa ga maigidana Baba Rufa'i,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata kana lafiya, da Goggo Delu da duk mutanen Bebeji. Yaya idon naka? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, an kawo mana wani abu a wajen aikin gidajen ma'aikatan dam, tun da na gan shi kai nake tunawa. Bututun ruwa ne, amma na roba. Guda shida na saɓa a kafaɗa ni kaɗai, alhali na ƙarfe ka san ɗaya ma sai mu biyu. Ba a yanka masa zaren murɗawa a baki kamar na ƙarfe. Zarto kawai za ka sa, ka shafa gam, ka zura wannan cikin wancan, kafin ka sha ruwa ya kama. Aikin da muke yi a mako, a kwana biyu na gama shi. Injiniya ya ce ba ya tsatsa, ba za a ƙara buɗe famfo da safe a ga jan ruwa ba. Na san za ka ce abin da babu nauyi babu amana, to ni dai na gani da idona.

Luba ta shiga wata na takwas. Mahaifiyarta, Inna Barakatu, ta zo za ta zauna har a gama wankan jego. Tun da ruwan dam ya ci garinsu aka tashe su, ba ta da wani sukuni, ga ciwon baya. Ba na so in ga tana jidar tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in. Injiniya ya ba ni guntayen da suka rage. Na yi niyyar ɗora duro a kan murhu a bayan katanga, in ja bututu ta sama zuwa banɗaki, ta murɗa kan famfo kawai ruwan zafi ya zo mata. Me ka gani?

A gaishe mini da kowa.

Yaronka,
Alasan

Tiga,
2 ga Fabrairu, 1975

Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali. Na san labari ya riga takardar nan zuwa, na kuma ga saƙon ta'aziyyarka. Allah ya saka da alheri. Hannuna ne ya ƙi riƙe alƙalami sai yau.

Amsarka ta same ni kafin haihuwa. Ka ce roba da wuta ba sa zama wuri ɗaya, in yi da ƙarfe ko in bari. Na ɗauki rabin maganarka. Na sa ƙarfe kamu biyu daga bakin duro, sauran na ƙarasa da roba, ina ganin kafin ruwan ya kai can ya huce kaɗan.

Luba ta sauka lafiya, mace, an sa mata Kulsumu. Kwana goma sha tara abin yana aiki. Matan unguwa har layi suke yi su leƙa. Inna da ba ta cika magana da ni ba, saboda kunya, ta aiko Luba ta ce Allah ya yi mini albarka, bayanta ya huta.

Ranar ta ashirin da hantsi ina wajen aiki aka zo kirana. Mahaɗar da ke saman katanga ce ta saki. Inna tana sunkuye tana tsoma ganye, Luba na zaune a gabanta. Duk abin da ke cikin duron a bayan Inna ya sauka. Luba ɗigo kaɗan ne ya same ta a ƙafa, don jikin uwarta ya tare. Motar wajen aiki ta kai mu asibiti a Kano. Kwana shida ta yi, a kife, ba ta iya kwanciya da baya. Ba ta ambaci bututun ba ko sau ɗaya. Tambayarta kullum ita ce wa ke yi wa Luba wanka.

A Kano aka binne ta. Ta sha cewa ita kusa da mijinta take so, to kabarinsa yana ƙarƙashin dam.

Na cire komai na jefar a rami. Da na ɗauki guntun da ya saki, ya lanƙwashe kamar kan sanda, bakinsa ya buɗe. Kowa cewa yake ƙaddara ce, na kuma yarda. Amma Baba, ko shayi aka buɗe a gabana tururi ya taso, sai in hango ƙonannen bayan Inna.

Ka sa mu a addu'a.

Yaronka,
Alasan

Doguwa,
18 ga Afrilu, 1977

Zuwa ga Baba Rufa'i,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya zafi? Ka gafarce ni da dogon shiru. An dawo da ni nan tun bara, muna ja wa wani ɗakin shan magani ruwa.

Har yanzu da roba nake aiki, kada ka yi mamaki. A ruwan sanyi ban ga laifinta ba. Wanda na binne a Tiga shekara biyu da rabi ke nan, ko ɗigo. Sai dai a binne ta da zurfi, don rana tana busar da ita ta tsage, fartanya ma tana huda ta. Laifin ba nata ba ne, Baba. An gaya mini iyakarta, na tsallake.

Akwai abin da ban rubuta maka ba a wancan karon. Kwana biyu kafin abin ya faru, Inna ta tare ni a zaure, ta kawar da kai ta ce mini bututun ya yi ciki. Na je na duba, na ga ya saki jiki a tsakiya. Na sari gwafa na tokare shi, na ce ranar Lahadi zan canza. Ranar Juma'a ya saki.

Shekara biyu ina ɗauke da wannan ni kaɗai. Watan jiya, da Luba ta gaya mini tana da ciki, na kasa, na zaunar da ita na faɗa mata. Tana tsince shinkafa ta saurare ni. Sannan ta ce, "Na ji lokacin da ta gaya maka. Ni ma na ga gwafar, na kuma zauna a ƙarƙashinta." Ashe tun ranar kowannenmu yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda. Ban sani ba ko sauƙi na samu.

Ga dalilin takardar. A kasuwar Tudun Wada na gamu da Sabo, wanda muka yi aiki tare a Tiga kafin a sallame shi. Yana dariya yake gaya mini dabarata ta karɓu. Ya ga duron a gidana kwanakin suna, ya tafi bai ji ƙarshen labarin ba, ya yi wa mutum uku irinsa. Nan take na tambaye shi inda gidajen suke.

Biyu a Yako suke. Na hau babur na je a ranar. Gida ɗaya ba su taɓa hura wuta a ƙarƙashinsa ba. Ɗayan kuwa matar gidan saura kwanaki ta haihu, an riga an tara itace. Maigidan ya so ya yi gardama, na ba shi labarin Inna tun daga farko, shi da kansa ya miƙo mini zarto.

Na ukun ne ban samu ba. Sabo ya ce wani mai shanu ne a wajen Falgore, Hamman ko Lado, ya manta, a kasuwa suka haɗu ya bi shi gida ta hanyar daji. Na je sau huɗu. Hamman bakwai na samu, babu mai duro. Duk inda na hango hayaƙi a bayan katanga da safe sai na tsaya na yi sallama, har an fara yi mini kallon wanda ya taɓu.

Baba, masu shanu suna biyowa ta Bebeji, kuma kana zama a ƙofar gida. Don Allah duk wanda ya tsaya shan ruwa ka tambaye shi. Ka ce gidan da ruwan zafi ke zuwa banɗaki da kansa ake nema. In an san shi, ko ban iso ba, a ce su kashe wutar.

Luba tana gaisuwa, Kulsumu ta fara magana. Ranar Lahadi zan sake komawa.

Yaronka,
Alasan