Hannun Rumaisa a Kan Sifika

Wannan saƙon murya ne ya shigo lambar filin nan. Mun rubuta shi yadda mai shi ta faɗa, sunaye kawai muka sauya.

Salamu alaikum Hajiya Aina'u. Don Allah don Annabi ku taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Maƙociyarmu ce take karanta mana filinku in muna kitso, ita ta sa mini lambarku a waya tuntuni. Yanzu ma ƙofa na rufe nake magana.

Ni 'yar wani ƙauye ce ta wajen Jahun. Shekara biyu da rabi ke nan da aka kawo ni Panshekara. Maigidana a wani kamfanin roba yake aiki a Sharada, shi ne a kan injin da ke niƙe tsofaffin robobi. Muna da yarinya ɗaya, shekararta ɗaya da wata biyar.

Shi dai mutum ne ba mai magana ba. Abinsa waƙa. Ba ya yi fa, ji yake. Suna da guruf a waya su da abokan aikinsa, har da na Challawa da na Bompai, duk wanda ya tsinci sabuwa sai ya jefa. To shi ne kan gaba, kafin kowa ya ji shi ya ji. In sun fito hutun azahar sai su zauna bakin get wajen mai awara suna tura wa juna. Akwai abokinsa Uwaisu, mutumin Damagaram, shi yake kawo masa na jita irin na can. Akwai kuma wanda suke ce wa miks, a ɗauko waƙa kamar ashirin a ɗinke su wuri ɗaya, ba tsayawa.

Da yake ban iya karatu ba, ba ya turo mini rubutu, waƙa yake turowa. In waya ta yi ƙara da rana na san shi ne. In mun ɗan sami saɓani da safe, kafin la'asar wata mai sanyi za ta shigo, na san ban-haƙuri ke nan. Ranar da na haihu bakwai ya turo. Ba zan yi muku ƙarya ba Hajiya, ina so. Ni da ban san kowa a garin nan ba, su suke ɗebe mini kewa.

To sai ya sayo sifika, baƙa, girmanta kamar galan ɗin mai. Ɗakinmu ɗaya ne, inda ake jona ta a wuta kuma nan ne shimfiɗar yarinyar tun tana jaririya. Da farko a hankali yake kunnawa. Daga baya kullum sai ya ƙara. In na ce Malam ta yi yawa, sai ya ce shi da ƙyar ma yake ji. Wai kunnensa ƙugi yake kamar injin ya biyo shi gida. Magana ɗaya sai na faɗa sau uku yana ce mini iye.

Da ta fara rarrafe, yana kunnawa sai ta nufi sifikar ta ɗora tafin hannunta biyu a kai ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Wani lokacin har kumatunta take mannawa. Ya ɗauke ta a bidiyo ya jefa a guruf, suka sa mata suna Dije mai kiɗa, Uwaisu har cewa ya yi a ajiye masa tikitin gaba ranar da za ta fara wasa. Daga nan duk sabuwar da ya samo sai ya fara gwadawa a kanta. In ta yi dariya ya tura wa mutane, in ta juya ta tafi ya ce wannan ba ta ci jarrabawa ba. Ni kuma na lura masu ganga mai nauyi kaɗai take wa dariya, irin wadda har kwanuka suke rawa a kan kanta. Masu sarewa da murya mai laushi ko kallo ba su ishe ta ba. Ya ce ai gado ne, ta san mai kyau.

Hajiya ga inda nawa laifin yake. 'Yar fari ce. Mu a garinmu mace ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. Yarinyar nan nake cewa, ko waccan. In ina so ta zo, zuwa nake in ɗauke ta. Har yaba ni ake yi wai ina da kunya. Ita ma ana yaba ta, wai ba ta da rigima, ko daka ake a tsakar gida barcinta take. Ni ma daɗi nake ji.

Sati uku da suka wuce ina wanke-wanke, tire cike da kwanukan silba ya kuɓuce mini ya zube a bayanta. Ɗan maƙociya da ke can cikin ɗakinsu sai da ya tsala ihu. Ita tana zaune tana wasa da murfin robo, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Na ɗauke ta muka shiga ɗaki, na tura ƙofa, na zaunar da ita, na koma bayanta. Na buɗe baki sai na ji ya yi nauyi, tun da na haife ta ban taɓa faɗar sunanta ba. Na ce Rumaisa. Shiru. Na ƙara. Na uku da ƙarfi na faɗa, har na ji tsoron za a ji ni a waje. Wallahi ba ta waiwayo ba. Sai da inuwata ta faɗo gabanta sannan ta juyo ta yi mini murmushi.

Tun ranar nake ta tuna abubuwa. Ba ta cewa Baba, ba ta cewa komai. Da tana ɗan gwaranci, ban ma san lokacin da ta daina ba. Kwana uku da haihuwarta idonta ya yi rawaya, aka ce ciwon shawara ne, aka ba ni jiƙo na sha. Tana wata bakwai ta yi zazzaɓi mai zafi, mai kemis ya yi mata allurai kwana biyar. Ban sani ba ko wannan ya shiga maganar, na dai faɗa. Yanzu a ɓoye nake ɗiga mata man zaitun a kunne safe da yamma, ina tofa abin da na iya. Ban ga canji ba.

Surukata tun ranar suna da ta ga sifikar nan ta kira ni gefe. Ta ce kiɗa a kan jariri iska yake jawowa, ke ce mace, ke za ki hana. Ban hana ba. Yanzu ta aiko nan da wata biyu za ta zo ta tafi da yarinyar yaye, kamar yadda ake yi wa ɗan fari a gidansu. In ta tafi da ita can za ta gane, kuma na san abin da za ta ce. Ba asibiti za a kai ta ba. Ƙila ma ta ce ba za ta dawo mini da ita ɗakin nan ba.

Shi kuma in na gaya masa fa? Zai ce shi ya kashe mata kunne da hannunsa. Mutum ne mai sa abu a rai. Injin nan nasa ba ya son mai tunani, bara wani na kusa da shi yatsu huɗu ya bari a ciki. Kullum in ya fita sai na bi hannuwansa da kallo.

Jiya ne abin ya fi ƙarfina. Ya shigo da murnarsa, wai ya sa wani mai haɗa miks ya yi wa yarinyar nata na kanta, ana cikin kiɗa sai a kira sunanta, a sake kira. Ya kunna, ta rarrafa ta ɗora hannu tana dariya. Ya riƙo ni yana cewa kin gani ko, kin ga ta gane sunanta. Na ce na gani. Na ɗauki buta na shiga banɗaki na toshe bakina da zani.

Hajiya mu muka kurmantar da ita? Jin nata zai dawo? In gaya masa ko in yi shiru? Don Allah ku ce wani abu kafin watan nan ya ƙare.

Daga wata uwa a Panshekara.

AMSA

Wa alaikis salam 'yata. Sau biyu na saurari saƙonki. Share hawayenki, akwai aiki a gabanki, kuma ba na wata biyu ba ne, na makon nan ne.

Ki kai Rumaisa sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Murtala ko Asibitin Malam, ki ce kina so a yi mata gwajin ji. Ana yi wa yara ƙanana, ba sai sun iya magana ba. Ki yi sammako. Duk abin da kika gaya mini ki gaya wa likita, musamman rawayar idon nan, da zazzaɓin, da alluran. In mai kemis zai iya tuna sunansu, a rubuto miki. Man zaitun ɗin nan ki daina daga yau, kada a sake ɗiga mata komai. Addu'a kam ki ci gaba, ba ta hana zuwa asibiti.

Kin tambaye ni ko ku kuka yi. Ni ba likita ba ce, amma na tambayi wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a wannan sashen. Ta ce ciwon shawara mai tsanani, da zazzaɓi mai zafi, da wasu allurai, kowanne kan iya taɓa jin yaro, wani kuma da haka ake haifarsa. Ƙara mai yawa ita ma tana cutarwa, ba zan ɓoye miki ba. Amma babu wanda zai zauna daga nesa ya ce wannan ne. Kin yanke wa kanki da mijinki hukunci tun ba a duba ba. Ko jin nata zai dawo? Wani lokacin ruwa ne ya taru a kunne, a yi magani ya wuce. Wani lokacin ba ya dawowa, sai a haɗa da na'urar ji, a koya wa yaro da iyayensa maganar hannu, ya yi makaranta ya yi rayuwarsa. Ko wanne ne, shekarun nan da take ciki su ne na koyon magana. Kowane wata da ya wuce asara ne gare ta.

Mijinki ba mugu ba ne. Mutumin da ya je aka saka sunan 'yarsa a kiɗa, so ne ya kai shi. Kuma ki lura, ƙara murya da yake yi ba ganganci ba ne, shi ma nasa kunnen tafiya yake. Marasa lafiya biyu gare ki a ɗakin nan. Tsoronki a kan injin gaskiya ne, shi ya sa ba za ki gaya masa yana shirin fita ba. Ki bari ranar hutunsa, bayan ya ci abinci. Kada ki ambaci sifika. Ki ce ya tsaya a bayanta ya kira ta, ya gani da idonsa. Zai ji zafi, ki bar shi ya ji, 'yarsa ce. Ɓoyewar ce za ta fi yi masa ciwo ranar da ya ji daga bakin wani. Ku tafi asibitin tare, a gwada shi shi ma, ya kuma nemi abin toshe kunne na masu aiki a kan inji. In babu a wurin aiki, ana samu a kasuwa.

Surukarki ta yi gaskiya a rabin maganarta, ƙara ba ta dace da jariri ba. Amma maganar yaye ba ke za ki tunkare ta ba. Ɗanta ne zai kira ta ya ce likita yana duba yarinya, ba za ta yi nisa da asibiti ba. In tana son jikarta a kusa, ta zo a yi yayen a nan, a girmama ta, ta raka ku wajen likita ta ji da kunnenta.

Waƙoƙinku ban ce ku bari ba, su ne wasiƙunku. A rage murya, a ɗauke shimfiɗar yarinya daga gindin sifika. Dariyar da take yi in ta ɗora hannu, da alama motsin gangar ne yake ratsa tafinta, ta nan take jin abin da kuke ji.

Saura kunya. Tarbiyya ce aka ba ki, ban ga laifinki ba. Amma wannan yarinyar da ido za ta riƙa sauraronki, uwar da ke kawar da kai ba za ta ishe ta ba. Yau ɗin nan ki zaunar da ita a cinyarki tana kallon bakinki. Hannun nan da take ɗorawa a kan sifika, ki ɗauko shi ki ɗora a maƙogwaronki, ki kira sunanta. Ki kira gobe ma, a tsakar gida, a gaban kowa.

Allah ya ba Rumaisa da babanta lafiya, ya tsare masa hannuwansa, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Hajiya Aina'u