Hoton motar magajin gari

Litinin, 3 ga Maris

Tun shekarar da gadar kasuwa ta karye ban ga garin nan ya taru a kan magana ɗaya ba sai yau. Wai an ɗauki hoton magajin gari a motarsa, a bayan wani otal, da mace a gefensa. Fuska ba ta fito ba, sai ƙeya da mayafi. A shagon mai aski kowa da tasa. Wannan ya ce matar ɗan kwangila ce, wancan ya ce daga wani gari aka kawo ta. Tela ya miƙo mini wayarsa, na ce mayar aljihu, ni ba na sanin mutum ta ƙeya.

'Yata Auta ta dawo daga ofishin magajin garin, inda take buga takardu. Ban ce mata komai ba. Ita ma haka.

Laraba, 5 ga Maris

Ba ruwa a famfo. Auta ta fita ba ta karya ba.

Alhamis, 6 ga Maris

A da, Alhamis ce ranar tambaya. Ni ke jera bencina a barandar zauren gari, ni ke kaɗa ƙararrawa. Magajin gari ya fito ya tsaya, ba a ba shi kujera. Mai magana ya miƙe, ya faɗi sana'arsa da unguwarsa, sannan ya jefa tambayarsa.

Bayan karyewar gadar, wata mai sayar da kifi ta tambayi magajin gari na lokacin, wani gajere mai ɗingishi, ina yake sa'ad da mutane ke cikin ruwa. Ya ce yana gidan surukansa, ana cin abinci. Ta ce, "To ka ƙoshi?" Har 'yan sanda sai da suka yi dariya. Shi bai yi ba. Washegari yana cikin masu ɗaukar duwatsun gyaran gadar, wando a naɗe. Daga nan maganar ta mutu, tunda an yi ta a gaban mai ita.

Yau na ba su wannan labarin a shagon aski. Tela ya ce, "Tsoho, kifin nan fa ya daɗe da ruɓewa." Bencinan suna sito, in ba a hura wuta da su ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Yanzu kuma an ce matar 'yar cikin ofis ce.

Na shiga shagon aski, hira ta ɗauke kamar an kashe rediyo, sai ƙarar almakashi. Mai aski ya ce, "Baba, zo a fara da kai." Tunda nake zuwa ba a taɓa tsallake layi saboda ni ba. Na zauna, ya aske ni, na fito. Ban ji komai a raina ba. Na dai manta hulata, sai aiko mini da ita aka yi.

Talata, 11 ga Maris

Tela ya zo har gida, abin da bai yi ba tun rasuwar uwar Auta. Ya yi ta zancen tsadar zare. Can ya ce, "Abokina, mayafin kore ne mai ratsin fari. Ni dai na faɗa maka." Na ce kasuwa cike take da kore. Ya ce haka ne. Ya sha ruwa ya tafi.

Koren mayafin Auta na shanye a igiya, daidai bayan inda ya zauna. Ni na saya mata shi.

Laraba, 12 ga Maris

Ba ta je aiki ba. Wai ciwon kai.

Juma'a, 14 ga Maris

Har yau ba ta fita ba. Da rana ta ajiye mini kwano, ta ƙi tafiya.

"Baba, ba za ka tambaye ni ba?"

Na ce wanda bai yarda da nasa ba shi ke tambaya.

"Kai da ka cika mana kunne da ranar tambaya? Mai kifi ta iya tambayar magajin gari, kai ka kasa tambayar 'yarka?"

Na ce abinci zai huce.

"Ni ce a hoton," in ji ta.

Ta tsaya tana jira. Na ci gaba da kai loma. Ban san me na ci ba. Ta ɗauke kwanon da sauran rabi a ciki.

Asabar, 15 ga Maris

An ce magajin gari ya yi tafiya neman magani. Bai fito ya ce uffan ba. Bakinsa aka ɗinke ke nan.

Auta na haɗa kaya a akwati. Za ta koma wurin gwaggonta, ta bar aikin. Aikin da ta yi ta karatu a kansa har idonta ya koma sai da tabarau.

Lahadi, 16 ga Maris

Na tambaye ta. A bakin ƙofar ɗakinta, tana naɗe zane. Muryata ta fito kamar ta wani.

Ta ce taro magajin gari yake yi a otal ɗin, aka aike ta da takardun da zai sa wa hannu. Rana ta yi zafi, ya ce ta shiga mota ya sa hannu a ciki. Shi ke nan. Ta ce ta faɗa wa na ofis, suka ce "to, to," suna kallon juna. Ta ce, "Duk garin ba wanda ya tambaye ni, Baba. Kowa ya riga ya sani."

Na ce ta kwance akwatin. Ta ce a kan me? Na ce gwaggonta masifaffiya ce, ba za su yi sati ba.

Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba, ita ma ba ta nema ba. Na dai sa ta goge mini farar rigata. Gobe da safe zan raka ta ofis, ta hanyar kasuwa, ba ta lungu ba. Ta sa koren in tana so. Ba don komai ba, likita ya daɗe yana cewa in riƙa taka ƙafa.