Agogon Katakon Sani

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Gwaggo? Mu nan Agege lafiya lau.

Ƙaninmu Sani ya ƙera agogon bango na zallar katako, har daga Mushin ake zuwa kallo. Da damina ta kumbura haƙoran da ke juya shi ya tsaya, ni na kankare su ɗaya bayan ɗaya, na goga musu kyandir. Jiya Baba ya ji yana tafiya, ya ce, "Sani ne ya gaji hannuna." Ina tsaye fa, Yaya, da kyandir ɗin a hannuna!

Ki yi min addu'a Allah ya cire min ƙyashin nan. Ki gaida kowa. In kin kira Baba, don Allah kar ki tambaye shi agogo.

Ƙaninki,
Habu