Yadda Ibu Ke Kwantar da Jariri

Batam

Mbak Lastri, yayata,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Shirunki ya yi yawa tun rasuwar ɗanki Bagas, amma ban ga laifinki ba. Ni dai ciki ya tsufa, da ƙyar nake hango ƙafafuna. Mijin nan nawa ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, balle wankan jariri. Don Allah ki turo min mahaifiyarmu kafin in sauka. In Ibu tana kusa hankalina zai kwanta.

Ƙanwarki,
Harini

Wonosobo

Dik Harini, ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna nan. Ana ta ruwa. Ina cin abinci, ina wanki, mutane suna cewa na yi ƙoƙari. Ban san ƙoƙarin me ba, ni dai ba na jin komai.

Ibu ta fara shiri, tana ɗinka wa jaririnki matashi na audugar rimi. Shi ya sa zan gaya miki yadda abin ya faru. Ranar da ya rasu, bayan azahar, na fita shanya ganyen taba. Ibu ta kwantar da Bagas rub da ciki a kan matashi mai laushi, yadda ta saba, don kada ƙeyarsa ta baje. Ta lulluɓe shi da bargo saboda sanyi. Watansa uku, ko mura ba ya yi. Bai farka ba.

Ungozomar asibiti ta ce babu mai iya cewa ga dalili. Amma ta ce a rigingine ake kwantar da jariri, a shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba tulin bargo, ba hayaƙin sigari a ɗaki. Ibu ba ta wurin lokacin da ta faɗa. Har yau ba ta sani ba.

Ki huta lafiya,
Lastri

Batam

Mbak,

Sallama. Na karanta, na kasa tashi daga inda nake. Ƙeya ta baje mana, ƙeya ake ci? Kin san Ibu, ina juya baya za ta kifa shi, ta ce me na sani. Ko ki gaya mata, ko ki ce na fasa, kada ta zo. Ni ba zan iya kallon idonta in faɗa ba. Ki yafe min da na ɗora miki wannan ma.

Harini

Wonosobo

Dik,

Sallama. Na gaya mata muna yankan kabeji. Ta ce, "Ku biyar haka na kwantar da ku, Lastri." Na ce, "Na sani, Bu." Ta ci gaba da yanka har ya ƙare, ta ɗauko wani. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Ranar Asabar za ta taso.

Allah ya sauke ki lafiya.
Lastri

Batam

Mbak,

Sallama. Na sauka lafiya, mace ce. Ibu ta iso. Tana girki, tana wanki, tana gasa min jiki. Jiya jaririyar ta yi barci a hannuna, na miƙa mata. Ta ja baya, ta ce, "Ke kwantar da ita, ni ban iya ba."

Har yanzu ba ta ɗauke ta ba.

Taki,
Harini